Ajin Malama Tsit

Bango ɗaya ne tsakanin shagon ɗinkina da ajin Yayata, kuma na fi shekara ashirin ina taka keke a jikinsa. In ba don ƙananan takalman da ake jerawa a bakin ƙofa ba, wallahi sai ku rantse ba kowa a ciki. Yara wajen talatin, daga 'yan shekara uku zuwa shida, amma ko tari ba ka ji. Masu kawo mini ɗinki sukan tambaya, "Yau ba makaranta ne?" In ce, "Akwai, suna ciki." Sai su riƙe baki. Daga nan 'yan unguwa suka laƙaba mata Malama Tsit, ita kuwa ba ta taɓa jin haushin sunan ba. Ina ma zaton daɗinsa take ji.

Kada ku ce duka take yi. Yaya ba ta taɓa ɗaga hannu a kan ɗan wani ba, bulala ko ta ado babu a ajinta, tsawa ma ba ta yi. Ido ne kawai. Yaro na cikin tsalle za ta ɗago kai ta dube shi, ba harara ba, kallo dai haka, sai ka ga ya nemi wuri ya zauna ya naɗe hannu. Iyaye har layi suke yi. Ma'aikatan asibiti, matan banki, masu shago a kasuwa, kowa so yake a ce ɗansa a wurin Malama Tsit ya fara. Sukan ce icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi, ita kuma ta gyaɗa kai.

Ni na san inda ta samo idon nan, don a kaina aka fara gwada shi. Babanmu aikin dare yake yi a masaƙa. Da safe zai dawo ido jajur, ya ja labule ya kwanta, mahaifiyarmu kuma ta fita kasuwa. Ɗaki ɗaya gare mu, mu shida, Yaya ce babba, ita ma ɗin ba ta wuce a goya ta da wani daɗewa ba. In ɗayanmu ya yi kuka Baba ya farka, ba mai kukan ake tuhuma ba, ita ake tuhuma. Ga shi ba ta da damar tsawatarwa, don tsawar ma tashinsa za ta yi. Sai ta koyi yi da ido. Akwai ranar da ƙanenmu ya wuni yana ihu da ciwon kunne, Baba bai runtsa ba, ya tafi aiki a haka, injin ya cinye masa yatsu biyu. Ba wanda ya ce laifinta ne. Ita ce ta ce wa kanta, kuma har yau ba ta janye ba. Ni kaɗai ce idon bai ci ba, don tun ina ƙarama bakina ya fi ƙarfina. In na fara, sai ta saɓa ni a kafaɗa ta fita da ni bakin titi.

'Ya ɗaya Allah ya ba ta, mijinta ya rasu yarinyar tana ƙarama. Muna kiranta Ta-Ɗaya, don tunda ta shiga makaranta ba ta taɓa zuwa ta biyu ba. Yarinya mai hankali, mai sanyi, in tana ɗaki sai ka yi tuntuɓe da ita kafin ka san tana nan. Ta yi karatu mai zurfi, ta samu aiki a wani kamfani da ke shirya wa ƙananan yara shirye-shiryen saurare, na rediyo da na waya. Ta yi aure can ɗaya gefen gari, ta haifi 'ya mace. To, ikon Allah, jikar nan ni ta ɗauko. Kafin ta iya tafiya ta iya gardama. Muka sa mata Aku.

Tun Aku na rarrafe Yaya ta ware mata kujera a aji, 'yar ƙarama, kusa da teburinta. Duk zuwan da Ta-Ɗaya za ta yi sai ta ce, "In ta cika uku sai ki kawo mini ita." Ita kuma ta sunkuyar da kai ta ce, "To, Mama, za mu gani." Za mu gani, za mu gani, har Aku ta cika uku ta ɗora watanni. Yaya ba ta jira an gama gani ba. Ta sayo yadi ta kawo mini, ta ce in ɗinka wa jikarta rigar makaranta, shuɗiya mai farin wuya irin ta sauran, in manna bajon makarantar a ƙirji. Na ce, "Yaya, uwarta ta amince?" Ta ce, "Ke dai ɗinka." Na ɗinka, na rataye a ƙusar da ke saman kekena. Kullum da safe in ta zo buɗe aji sai ta leƙo ta dubi rigar kafin ta gaishe ni.

Ana nan sai Ta-Ɗaya ta zo da maganar aiki. Sun shirya wani sabon shiri, ba su san 'yan shekara nawa ya fi dacewa da su ba, kuma sai sun sani kafin su ci gaba, don tsawon labarin da irin kalmomin duk a kan haka za a gina. Yadda suke yi, in ji ta, sai su sami yara su raba su bisa shekaru, su kunna musu, su zauna su kalli fuskokinsu. Maigidanta na wurin aiki ne ya ce a je ajin Malama Tsit, ya ji labarinsa, bai ma san uwarta ce ba. Na lura da ƙyar maganar ke fita daga bakinta. Yaya kuwa kamar an ba ta kujerar Makka. Ta sa aka wanke aji, ta aika wa iyaye a yi wa yara aski da kitso.

Ranar suka zo da hantsi, ita da wani injiniya mai ƙiba da ke ɗauke da lasifika da wayoyi, da Aku, don mai rainonta ba ta zo ba. Aka kwashe kujeru aka shimfiɗa tabarma. Ta-Ɗaya ta ajiye kwando cike da kayan wasa a gefe. Yaya ta ce, "Wannan fa? Ai zai ɗauke musu hankali." Ta ce, "Don haka aka kawo shi, Mama. In labarin ya gundure su za su tafi wurin kwandon, mu kuma a nan za mu gane." Yaya ta yi murmushi irin na wadda aka raina wa sana'a, ta ce, "Yarana ba sa zuwa wurin kwando."

Akwai wata 'yar taga a bangon da ke tsakaninmu, na daɗe da toshe ta da kwali. Ran nan na cire kwalin. Ni da son ganin ƙwaƙwaf, ai ba za a yi ba ni ba. Na riƙe Aku a wurina, na ba ta ƙyallaye tana wasa.

Labarin na wata akuya ce da ta shigo gida ta ɓuya. Sai ka ji ƙarar marufan tukwane, ko ƙugin gado, ko ruwa na zuba, sai muryar wata mata ta ce, "Yara, ina akuya ta shiga?" Daga nan a yi shiru na ɗan lokaci, an bar wa yara fili su amsa, kafin matar ta ce, "Yauwa!" ta ci gaba. Ni da girmana sai da na kusa amsawa.

Aka fara da 'yan shekara uku, Yaya na zaune a kan kujerarta a gefe, hannu a cinya. Waɗannan ba su daɗe da shigowa ba, suka ɗan mutsu-mutsu, wani ya rarrafa wajen kwando, ta dube shi, ya dawo. 'Yan huɗu suka fi su natsuwa. Da aka zo kan 'yan biyar da shida kuwa, sai ka ce gumaka aka jera. Baya a miƙe, ido a kan lasifika, ba mai ko ƙifta ido da ƙarfi. Injiniya ya washe baki ya ce, "Ai magana ta ƙare, na 'yan shida ne. Dubi yadda ya kama su!"

Yana cikin murnar ya taka waya da ƙafa, lasifikar ta mutu ana tsakiyar labari. Ya durƙusa yana lalube, ya cire wannan ya soka wancan, abu ya ƙi. Ya fita mota neman wata wayar. Duk wannan abin da ake, yaran nan suna zaune yadda suke, suna kallon akwatin da ba ya cewa komai. Ba wanda ya ce me ya faru, ba wanda ya ce ina akuyar. Aka daɗe, har na gaji da tsayuwa na sauya ƙafa. Fuskokinsu yadda suke lokacin da labarin ke tafiya, haka suke da ya tsaya.

Yaya ta dubi 'yarta cike da alfahari ta ce, "Kin gani ko?"

Ta-Ɗaya ta ce, "Na gani, Mama." Sai ta matso kusa, ta rage murya, amma bangon nan ba ya ɓoye mini komai. "Mama, don Allah za mu sake daga farko. Amma ki ɗan je shagon Inna ki zauna."

"In fita daga ajina?"

"Na ɗan lokaci ne."

"Me na yi? Ko magana ban yi ba."

"Ba ki yi komai ba. Haka ƙa'idar take."

Ƙarya ce, ba wata ƙa'ida, da akwai ai da tun farko ta faɗa. Yaya ma ta sani. Ta tashi ta gyara mayafi, ta dubi yaran sau ɗaya, ta fito. Ta shigo shagona ta zauna a kan bencin masu jira ta juya wa tagar baya. Na ce, "Yaya, zo ki gani mana." Ta ce ita ba ta leƙe. Ta-Ɗaya ta zo ta karɓi Aku ta haɗa ta da 'yan uku, ta ce ba za a lissafa da ita ba, don dai kada ta dame ni.

Kai, jama'a! Akuya na taɓa marufan tukwane ajin nan ya ɗauka. "Kicin! Kicin!" Wani ya ce bayan ƙofa, wata ta ce ƙarya ne. Muryar Aku ta fi ta kowa, tana yi wa akuyar faɗa wai ta fito kada ta fasa wa mamarta kwano. Wani yaro ya tashi yana leƙa bayan lasifikar ko akuyar na ciki. Rabinsu kuma kafin a kai tsakiya sun watse wajen kwando, sun manta da wata akuya. Tunda nake a shagon nan ban taɓa jin bangon nan ya yi irin wannan ƙara ba. Ban san lokacin da Yaya ta taso ba, sai jin kafaɗarta na yi a jikin tawa. Da Aku ta ce wa matar rediyo, "Ke ba ki gani ne? Tana ƙarƙashin gado!" sai dariya ta kuɓuce wa Yaya, ta yi maza ta rufe baki da gefen mayafi. Ta ce, "Wannan 'ya, bakinki ne sak." Na ce, "Gado ba ya ɓata."

'Yan huɗu suka shigo. Da farko shiru, sai da akuya ta ɓuya sau biyu sannan wata ta amsa a hankali, ta ga ba abin da ya faru, sauran suka biyo ta. Yaya ta ce, "To, ka ji."

Sai aka shigo da manyan, 'yan biyar da shida, waɗanda suka shekara biyu, uku a hannunta. Su ne abin alfaharinta, su take nuna wa baƙi. Suka zauna a layi ba wanda ya ce su yi layi. Aka kunna. Tukwane suka yi ƙara, matar ta ce, "Yara, ina akuya ta shiga?"

Shiru.

Ba lasifikar suke kallo ba. Ƙofa suke kallo, kusan dukansu, ƙofar da Yaya ta fita. Matar ta ce, "Yauwa!" alhali ba wanda ya ce mata komai. Gado ya yi ƙugi, ta sake tambaya. Wata yarinya mai kitso biyu ta buɗe baki, na ga amsar a leɓenta, sai ta sa tafin hannu ta toshe bakin da kanta. Ta-Ɗaya ta tsayar da shirin, ta durƙusa a gabansu ta ce, "Ku amsa mata mana, da ku take magana. Ba wanda zai yi faɗa. Ku yi ihu ma in kuna so." Suka ce, "To, Anti," baki ɗaya, a tare. Aka sake kunnawa. Da tambayar ta zo, sai wani yaro a layin gaba ya ɗaga hannu. Ya ɗaga shi sama sosai yana kallon lasifikar, yana jira ta ba shi izini. Matar ta ce, "Yauwa!" ta wuce. Ya ɗan ƙara jira, sannan ya sauke hannun a hankali ya mayar cinya.

Na juyo in yi magana, na ga Yaya ta koma benci, tana kallon ƙasa.

Bayan an tashi yara, injiniya ya kwashe kayansa ya tafi mota da Aku. Ta-Ɗaya ta shigo shago ta tsaya a bakin ƙofa kamar baƙuwa. Ta ce na 'yan uku da na 'yan huɗu za su yi amfani da shi, na manyan kuwa sai sun sake a wata makarantar.

Yaya ta ce, "Wato yarana ba su gane ba."

"Sun gane, Mama. Na bi su ɗaya-ɗaya na tambaye su a kunne. Ba wanda bai san inda akuyar take ba."

"To me ya hana su faɗa?"

Ta-Ɗaya ta hau murza zoben hannunta. Ni kuwa bakina na ƙaiƙayi, amma na danne, don wannan ba faɗana ba ne.

Yaya ta ce, "Ina tambayarki. Na taɓa dukan ɗan wani?"

"A'a."

"Ke fa, na taɓa dukanki? Na taɓa zaginki? Na bar ki da yunwa?"

"Ba ki taɓa ba, Mama."

"To mene ne?"

Ta ɗago kai, idonta ya ciko. Ta ce, "Mama, ni na rubuta labarin nan. Ni na ɓoye akuyar. Amma ɗazu da matar ta yi tambaya, wallahi ni ma sai da na dubi ƙofa."

Ta-Ɗaya ta yi mana sallama ta tafi. Yaya ta zauna har aka yi la'asar, sannan ta tashi ta kulle ajinta, ko sai da safe ba ta ce mini ba.

Makonnin da suka biyo baya ba su yi daɗi ba. Yaya ta daina ɗaga wayar 'yarta. In ta shigo wurina sai ta hau faɗa ita kaɗai: wai 'yan boko ne da iyayinsu, wai yanzu rashin kunya ake kira wayo, wai ita da ta raini likitoci da lauyoyi za a zo a koya mata yara da akwatin akuya. Na ce, "Yaya, ni fa ban ce komai ba." Ta ce, "Ai gara ki ce." Sai kuma can ta ce, "Yaron nan da ya ɗaga hannu, shi ne ya fi kowa ƙoƙari a ajin." Ta rame. Abincin da take kawowa daga gida haka take mayar da shi. Wata rana na ji ta ta bango tana ce wa yaran, "Yau kowa ya yi magana yadda yake so." Na tsayar da keke ina saurare. Tsit. Ta sake faɗa. Sai suka ce, "To, Malama." Wani uba ma da ya ji labarin wai Malama na cewa a yi surutu, ya zo har bakin aji ya ce shi fa don natsuwa ya kawo ɗansa, in hayaniya yake so ai akwai ta a gida kyauta.

Ni na gaji. Na kira Ta-Ɗaya na wanke ta tas. Na ce, "Ke, uwarki ce fa. Gaskiya kika faɗa, na sani, amma gaskiya ma ana sa mata riga. Matar nan tun tana 'yar mitsitsiya take riƙe da shirun mutane don kada wani ya cutu, ba mugunta ba ce." Na ba ta labarin yatsun Baba, ashe ba ta taɓa ji ba. Ta yi ta kuka a waya har na ji ba daɗi. A nan take faɗa mini sun gama gwaji a wasu makarantun, an tsayar da shirin a kan 'yan shekara huɗu, za a fara sa shi da safe. Kafin mu ajiye ta ce, "Inna, ki gaya wa Mama zan kawo Aku. In an koma hutu za ta fara a wurinta."

Na ce, "Kin tabbata?"

Ta ce, "Ba zan iya ganinta a haka ba."

Da na kai wa Yaya saƙon, ta yi kamar ba ta ji ba, amma ran nan ta cinye abincinta. Washegari na ga ta fito da 'yar kujerar nan tana goge ta.

Ana saura kwana kaɗan a koma suka zo gwada riga. Na sauko da ita daga ƙusa na kakkaɓe. Aku ta shige ciki, ta yi mata cif, sai tsawon da zan ɗan saki. Ta hau juyi a gaban madubi, baki na zuba: wai akuyar gidan su mamarta ta haihu, wai ita ma za ta sayi keke irin nawa ta ɗinka wa akuyar wando, wai Kaka me ya sa ajinki ba shi da jar fanka. Yaya na zaune a benci tana dariya, Ta-Ɗaya na tsaye, ni ina durƙushe da allurai a baki. Na ce a raina, to, alhamdu lillahi, an wuce wurin.

Sai Aku ta hango babban almakashina a kan tebur, ta miƙa hannu tana cewa, "Inna, wannan shi ne wanda kike yanke—"

Yaya ta dube ta.

Wallahi ba da niyya ba ne, na san Yayata. Almakashi ne, yaro ne, ko ni zan hana. Amma ba ta ce "bari" ba, ba ta ce "zai yanke ki" ba. Idon nan ne ya fita da kansa, yadda ya saba fita shekara hamsin. Maganar ta tsaya a bakin Aku. Ta janye hannu. Ta dubi kakarta, ta dubi uwarta, sannan ta ja da baya ta zauna a ƙarshen benci, ta haɗa gwiwa, ta ɗora hannu biyu a cinya. Cikin shuɗiyar rigar nan mai farin wuya, ba abin da ya raba ta da yaran layin gaba. Ba wanda ya koya mata, sau ɗaya aka dube ta.

Na ce, "Aku, me kike cewa? Wanda nake yanke me?" Ta girgiza kai.

Ta-Ɗaya ta juya tana kallon titi. Yaya ta daɗe tana duban jikarta. Sannan ta miƙa hannu, da kanta ta ɓalle mata maɓallan baya, ta cire rigar a hankali ta kan ka, ta mayar mata da tata ta gida. Ta miƙo mini rigar.

Ta ce, "Cire bajon."

Na ce, "Yaya..."

"Cire shi. Ki sa mata aljihu ko wani abu, ta riƙa wasa da ita a gida." Ta juya wajen 'yarta, ba ta kalle ta a ido ba. "Makarantar da ke kusa da ku ɗin nan, wadda kika ce ana jin ihunsu tun daga titi. Ki kai ta can."

"Mama, na riga na ce zan kawo ta."

"Na ji. Ni ce na ce a'a." Ta ƙara da cewa, "Ki riƙa kawo mini ita ran hutu. In na dube ta, ki ce mini, Mama, kin yi. Kada ki ji nauyina."

Ta tashi ta shiga ajinta ta rufo ƙofa. Na ji ƙarar jan kujera, 'yar ƙaramar, ana mayar da ita can baya inda ake tara waɗanda ba a amfani da su.

An koma makaranta. Yaya ta sayi ƙaramin rediyo ta ajiye a kan teburinta. Ran da aka fara sa shirin ina zaune da rigar Aku a cinya, ina farke zaren bajon da tsinin almakashi, don na yi ta ɗaga aikin, hannuna ya ƙi zuwa. Ta bango na ji marufan tukwane sun yi ƙara. Na ji matar ta ce, "Yara, ina akuya ta shiga?"

Na tsayar da hannu. Takalma wajen talatin a bakin ƙofa, ba ko motsi.

Sai na ji muryar Yaya, ita kaɗai, da ƙarfi: "Kicin! Ta shiga kicin!"

Matar ta ce, "Yauwa!"

Gado ya yi ƙugi. Aka sake tambaya. Na ji Yaya ta ɗan jira, ta ba su fili, ta jira har filin ya kusa ƙarewa. Sannan ta sake amsawa ita kaɗai.